Yadda za ka bar ma rana hanya ta dafa takin da ka zuba ma hatsinka

Bara da kaka wani kawuna da ke noma can wajen Tibiri ya kira ni gonarshi rai a ɓace, ya ce kai yaro tunda kai ka yi boko zo ka gaya mini mi na yi ma Allah, buhu guda na takin ure na saya da kuɗin ragona na watsa ma gonar ga, da damina duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya yaba koren ganye, yau ga ni ina yanka zangarniya kamar ɗan yatsa. Na ce kawu mu zaga tukuna. Muna zagawa na ga abin da ya faru, gurbi ɗaya sai ka ƙirga kara takwas har goma ba a cire ko ɗaya ba, gefen gabas layin dogon yaro ne da ba a taɓa sassabe ma reshe ba, karan ya yi tsawo siriri rabi ma iska ya kwantar da shi. Na ce kawu takinka bai da laifi, rana ce ka hana ma shiga. Ya dube ni kamar na zage shi, ya ce rana a Maradi? Rana da ke neman kashe mu?

To wanga rubutu don irin su kawu ne, kuma mu na da yawa.

Abin da ke cikin ure da muke biyan kuɗi dominshi sunanshi azot. Buhun ure mai kilo 50 akwai azot kilo 23 a ciki, don kashi 46 cikin 100 ne, shi kuma takin NPK 15-15-15 buhu guda kilo 7 da rabi kawai gare shi, takin DAP kuma kashi 18 cikin 100. Da azot ɗin ne shibka ke gina furotin, wato abin nan mai gina jiki da likita ke ce ma mata su ba ɗiya. Amma fa azot da ka zuba ɗanye ne. In ure ya narke cikin ƙasa mai laima ƙwayoyin halitta na ƙasa su na juya shi ya koma amoniyom, daga nan ya koma nitarat, saiwa ta sha shi tare da ruwa, ya hau cikin kara har ganye. Ko hawan nan ma da hannun rana a ciki, don in rana ta fito ƙananan ƙofofin ganye su na buɗewa ruwa ya riƙa fita kamar zufa, wanga fitar ita ke jawo ruwan ƙasa sama da nitarat a cikinshi.

In ya iso ganye sai a fara dahuwa. Akwai wani anzim, wato sinadarin da shibka ke yi don ya juya wani abu ya koma wani, da ake ce ma nitarat redaktas, shi ke karɓar nitarat ya mai da shi nitirit, sai nitirit ɗin ya shiga cikin ɗakunan kore na ganye inda kulorofil, wato koren nan mai kama haske, yake, can wani anzim ya mai da shi amoniyom, sa'annan a ɗaura amoniyom ɗin bisa wani sinadari da anka samu daga sukarin da ganye ya haɗa, a samu amino asid, su ne bulon da ake jerawa a gina furotin. To duba inda rana take a cikin aikin ga. Ƙarfin da ake juya nitirit da shi kai tsaye daga hasken da kulorofil ya kama yake fitowa. Sukarin da ake ɗaura azot bisanshi, hasken rana ne ya haɗa shi daga iska da ruwa. Shi kuma anzim na farko da duhu ya yi cikin 'yan mintoci shibka ke rufe mashi aiki, sai gari ya waye a sake buɗe shi. Kenan nitarat hatsi ne a turmi, rana ita ce itacen wuta, in ba itace sai dai a zauna ana kallon tukunya. Ganyen da ke cikin inuwa yana iya shan nitarat ya cika ciki da shi ya yi kore shar, amma bai juya shi ba ajiye shi kawai ya yi, shi ya sa koren gonar kawu ya yaudare shi.

Kuma hatsi da dawa da masara ba irin alkama da shinkafa ba ne wajen son rana. Masana na kiran su C4, alkama da shinkafa kuma C3. Ganyen alkama in haske ya kai wani mizani ya ƙoshi ko an ƙara mashi ba ya ƙara aiki sosai, amma ganyen hatsi har rana tsaka yana karɓa yana ƙarawa, kuma da azot kaɗan yake haɗa sukari mai yawa in ka gwada shi da alkama. Shi ya sa yake rayuwa bisa jigawarmu da ba ta da komi, shi ya sa kuma inuwa ta fi yi mashi ɓarna fiye da sauran.

Yanzu mu zo ga aiki. Ka fara tun ranar shibka. Tazarar da anka saba ba manoman hatsi ita ce mita 1 tsakanin gurbi da gurbi, mita 1 tsakanin layi da layi, wato gurbi 10,000 a hekta guda, in ƙasarka na da ƙarfi ko iri ne mai sauri ana matsowa zuwa santimita 80. Ka yanke kara ko igiya daidai awon ka ba yara, don in ka bar su da taku kowa da tsawon ƙafarshi. Ni ba na goyon bayan a watsa gurabu nesa nesa wai don a samu haske, wannan ma asara ce, hasken da ya faɗi bisa ƙasa tsirara ya tafi banza sai dai ya ciyar da haki. Abin da ake so shi ne lokacin da hatsi ya kai ƙugu ganye ya kusan rufe gonar amma in ka sunkuya ka ga ɗigon rana na sauka har ganyen ƙasa.

Takin farko a gurbi za ka sa shi ba watsawa ba. Gram 6 na NPK 15-15-15, wato cikin murfin kwalbar lemu guda, ko gram 2 na DAP, tsunkule da yatsa ukku. Lissafi mai sauƙi ne, gurbi 10,000 sau gram 6 kilo 60 kenan, DAP kuma kilo 20 ya ishi hekta. Ka garwaya shi da ƙasa kaɗan kada ya taɓa iri, in ƙasa ba ta jiƙa sosai ba yana ƙona tsiro. Kada ka ce ai maganar azot muke mi ya kawo fosfor, wato wani abincin shibka da ke cikin NPK da DAP, ƙasar rairayi irin tamu fosfor ne ya fi ƙaranci a cikinta, kuma ƙarfin da ganye ke kamawa daga rana cikin wani sinadari mai fosfor ake ɗauke shi a kai inda ake aiki, saiwa ma sai da shi take bazuwa da wuri. Wanda ya zuba ure zalla bisa ƙasar da ba fosfor ya sayi man mota ne ba taya.

Sai cira, nan ne mutanenmu ke da taurin kai wallahi. Sati biyu zuwa ukku bayan tsiro, ranar da ƙasa ke da laima, ka bi gurbi gurbi ka bar ukku masu ƙarfi ka cire sauran. Tsoffi na cewa a bar su da yawa saboda fara da tsutsa da iskar da ke binne tsiro da rairayi, kuma gaskiyarsu ce a kwanakin farko, shi ya sa ake zuba iri da yawa tun farko. Amma in sun wuce wanga haɗari ka bar su tare kowa neman tsere ma ɗan uwanshi zai yi. Shibka na gane tana cikin cunkoso tun kafin inuwa ta rufe ta, don hasken da ya bugi ganyen maƙwabci ya dawo launinshi na canzawa, da ta ji haka sai ta miƙe sama ta rage fidda 'ya'ya a gindi, kara ya yi siriri, ƙarshe iskan hadarin watan takwas ya kwantar da shi. Noman firi shi ma kada ya wuce sati biyu ko ukkun farko, haki na cin ka sau biyu, ya sha nitarat ɗin da ka saya kuma ya tare ma tsiro rana lokacin da yake ƙarami.

Itatuwa kuma kada wani ya ce na ce a sare. Nan ƙasar Maradi ce sassaben zamani ya fara tun wajen 1983 da Tony Rinaudo mutumin Ostiraliya da manoman karkara, kuma kowa ya ga amfanin kalgo da sabara da anka bari sunka tashi cikin gonaki. Abin da nike cewa shi ne a san wane icce ne. Gawo abokin manomi ne, da damina yake zubar da ganye ya bar rana ta wuce, ganyen ya ruɓe ya zama taki, dabbobi su kwana ƙarƙashinshi da rani su bar kashi, shi ya sa hatsin gindin gawo ya fi na fili. Dogon yaro kuma da damina ne yake cika ganye, inuwarshi mai kauri ce, to shi kafin ruwa ya sauka ka rage mashi rassan ƙasa ka ɗaga mashi kai, ka samu itacen wuta hatsinka ya samu rana. In ba ka iya rage shi ba to kada ka ɓata ure ƙarƙashinshi, ka kai takin inda haske yake.

Ure shi kuma kada ka zuba shi gaba ɗaya rana guda. Raba shi biyu, rabi bayan cira lokacin da hatsi ya fara 'ya'ya a gindi, rabi lokacin da kara ya fara gaɓa yana shirin ɗaukar ciki. Dalili, tsiro mai ganye ukku bai da faɗin ganyen da zai kama hasken da zai dafa azot mai yawa, in ka ba shi tuli ragowar na nan zaune cikin rairayi, ruwa mai ƙarfi guda ya wanke nitarat ya yi ƙasa da shi inda saiwa ba ta kai. Ka zuba bayan an yi ruwa ƙasa na da laima, ka tona kamar faɗin tafin hannu daga gindi ka sa ka rufe. Ure da anka bari bisa ƙasa cikin zafi iska yake bi, in ka taɓa jin wari mai hawa hanci a gona bayan an watsa shi to kuɗinka ne ke tashi. In hadari ya haɗu baƙi ƙirin ka dakata ya zuba ya wuce. Amma kada ka damu da lumshi na kwana ɗaya ko biyu, shibka na ajiye nitarat ɗin cikin ganye da kara in rana ta dawo ta ci gaba da dahuwa, inuwar da ke cuta ita ce wadda ba ta tashi, ta cunkoso da haki da icce.

Ka koyi karanta ganye. In na ƙasa ne sunka fara rawaya daga tsini na sama na nan kore, yunwar azot ce, shibka ce ke kwashe shi daga tsoffin ganye tana kai ma sabbi, a masara ma za ka ga rawayar ta bi tsakiyar ganye kamar bakin mashi. In kuma kore ne sosai amma kara dogo siriri ganye na lanƙwashewa, wannan ba yunwa ba ce rashin haske ne, ƙara mashi ure ƙara mashi nauyin faɗuwa ne kawai.

Gicci da wake abu ne mai kyau amma shi ma da lissafin rana. Ka bar hatsi ya riga shi da sati biyu ko ukku don kada mai yaɗo ya hau kanshi. Kuma ka tuna waken ma da hasken yake aikin da muke yabonshi, ƙululun da ke saiwarshi masu kamo azot daga iska da sukarin ganye ake ciyar da su, in ka tumɓuke guda ka fasa ƙululun ka ga cikinshi ja ja to yana aiki. Wake da hatsi ya lulluɓe da inuwa ba ya samun sukarin da zai ba su. Shi ya sa tsarin layi biyu na hatsi ko dawa sai layi huɗu na wake ya fi ma kowa, kowane na da sararin samanshi.

Inda furotin ke shiga tsaba kuwa nan ne abin ya fi burge ni. Mafi yawan azot da za ka samu cikin tsaba tun kafin a yi bununi anka sha shi, an ajiye shi cikin ganye da kara a matsayin furotin mai aikin kama haske. In zangarniya ta fara ɗaukar ido sai shibka ta shiga rushe ganyenta ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa zuwa sama tana kwashe amino asid tana kai ma tsaba, rawayar da kake gani gab da kaka kenan, ba cuta ba ce kaya ake kwashewa zuwa rumbu. Ganyen sama biyu ukkun nan, musamman na ƙarshe da ke ƙarƙashin zangarniya, su ke ci gaba da haɗa sukarin da ke cika ido. To ka ga mai zagar ɗanyen ganyen dawa yana kai ma tumaki a wanga lokaci sata biyu yake ma kanshi, ya ɗauke ma'ajiyar azot ya kuma ɗauke mai kama rana. In dole ne sai ka zaga, ɗauki na can ƙasa da sunka riga sunka yi rawaya, ko ka jira sai ido ya yi tauri ƙumba ba ta shiga.

Akwai wani abu da ke rikita mutane. Shekarar da rana da ruwa sunka yi daidai ido ya cika fam, in an auna sai a ga kason furotin ya ɗan sauka, don garin da ya shiga ya yi yawa ya tsarma shi, kamar hura ce da anka ƙara ma ruwa nonon na nan yadda yake. Ido ƙanana da fari ko inuwa ta tsumbure kuma kasonshi na iya hawa amma in ka tara na gona duka kaɗan ne. Kada ka yi murna da wannan. Hanyar samun duka biyun ita ce rabin ure na biyun nan ya zo kan lokaci, ganye ya shiga bununi da ajiya. Hatsi furotin ɗinshi wajen kashi 11 zuwa 12 cikin 100 ne, dawa kusan haka, masara ƙasa kaɗan, shinkafa wajen 7. Kuma kilo 1 na azot ke ba da kilo 6 da kwata na furotin, kenan duk buhun hatsi mai kilo 100 da ka ɗora ma amalanke ka fitar da azot kusan kilo 2 daga gonar, ban da na kara da kake kwashewa ka kai gida ko kasuwa. Yi wanga lissafi shekara 20 ba taki sai ka gane mi ya sa gonar gado ta gaji. Sa'annan ko ya cika furotin na hatsi na da giɓi, amino asid mai suna lizin kaɗan ne a cikinshi, wake ne ke da shi, shi ya sa tuwo da miyar wake ko hura da nono ya fi ma ɗiya tuwo zalla.

Masu kiwo ku saurara nan. Nitarat ɗin da ba a dafa ba guba ne ga shanu da tumaki. In an jera kwanaki ana lumshi bayan ka zuba ure, ko an yi fari sai ruwa ya sauko, kara na tara shi musamman can ƙasa kusa da gindi, dabba ta ci ya shiga jininta ya hana shi ɗaukar iska, sai ka ga tana haki tana tangaɗi, in an yanka jinin ya yi launin ƙasa. Ka bari a samu kwanaki na rana sosai kafin ka yanko masu, ka yanka da yamma ba da sassafe ba don dare ne yake taruwa, kuma ka bar gindin a gona. Shanya shi ba ta fidda nitarat. Wannan daban yake da gubar ƙaramar dawa da gyauro da kowa ya sani, ita waccan in an shanya ta bushe tana raguwa.

Tsawon yini ma na da nashi aiki. Nan wajenmu yini na kai kusan awa 13 a watan shida ya sauko wajen 11 da 'yan kai a watan sha biyu, ɗan bambancin nan maiwa da dawar gargajiya na jin shi, ba su fidda kai sai yini ya gajarta ko da yaushe ka shibka su. In ka makara da su lokacin tara azot cikin ganye ne ka rage masu, don ranar fidda kai ba ta jiran ka. Irin hatsi na zamani irin su HKP da ake samu ta hannun INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, kwanakinsu suke ƙirgawa, wajen wata ukku sun gama, to su jinkirin taki ne ba su yafewa, in ka tsaya jiran a biya ka bashi kafin ka sayi ure sai ka tarar sun yi ciki.

Masu alkama da masarar rani a fadama ko gonakin ban ruwa na Jiratawa ku kuma hazon hunturu ne ke rage maku haske, ƙura ta kwanta bisa ganye, ba yadda za ku yi da sama amma kuna iya shibka alkama cikin watan sha ɗaya don ta cika ido kafin zafin watan ukku ya katse ta, ku raba ure kamar yadda na ce, ku yi ban ruwa bayan zubawa ba tare da kun cika fangali ya kwana da ruwa ba.

Kawu dai bana ya yarda munka gwada a kusurwa guda, layi 20 munka cira zuwa ukku ukku, munka rage ma dogon yaro rassa, sauran gonar ya ce a bar mashi yadda ubanshi ke yi. Damman kusurwar daban ya ɗaure su, ya ce sai an sussuka an auna da tiya kafin ya ce komi.